Baƙin Tabo A Tafin Ƙafa: Yadda Ake Jinyar Mai Karɓar Maganin Zaburar Da Garkuwar Jiki

(Taken shiri, sannan a sassauta)

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka, barkanmu da sake saduwa a filinmu na kiwon lafiya. Gaisuwa ta musamman ga mutanen Zoza da Fulatan da Zarewa da Gwangwan da Beli da Ruwan Bago da cikin garin Rogo, har zuwa Ƙaraye da ƙauyukan da ke bakin madatsar ruwa ta Challawa. Na gona sannunku da aiki. Na kwance Allah Ya ba ku lafiya, Ya sa kaffara ne. Masu jinya kuma Allah Ya saka muku da alheri.

Yau za mu yi magana a kan wani nau'in ciwon daji na fata da likitoci ke kira melanoma, da kuma wani magani da ake ba wanda ciwon ya riga ya yi nisa a jikinsa, wato maganin zaburar da garkuwar jiki. Wani zai ce, me ya haɗa mutumin Zoza da maganin da kowane zuwa ɗaya ke cin miliyoyin naira? Abin da ya haɗa su shi ne, ba a asibiti ake zaman wannan jinya ba. Ko a Kano aka ɗaura wa mutum maganin, ko a Shika, ko Abuja, ko ma 'ya'yansa sun haɗa ƙarfi sun kai shi Masar ko Indiya, cikin 'yan sa'o'i an sallame shi. Sauran makonnin a gida zai yi su, a ɗakinsa, a gaban matarsa da 'ya'yansa. Duk abin da maganin zai tayar, a nan zai tayar da shi, sau da yawa da tsakar dare, likita kuwa yana can nesa. Saboda haka mutanen gida su ne masu gadin wannan magani, kuma da su nake magana yau.

Bari mu fara da ciwon kansa. A fatar kowane ɗan Adam akwai wasu ƙwayoyin halitta masu samar da launi. Idan suka ɓaci suka shiga hayayyafa ba tsari, shi ne melanoma. A wajen Turawa yawanci hasken rana ke jawo shi, a baya ko a fuska ko a hannu. Mu baƙar fata ba kasafai yake kama mu ba, amma idan ya zo, a wurin da ba a duba yake ɓuya: tafin ƙafa, diddige, tafin hannu, ko ƙarƙashin farce. Yana farawa kamar tawadar Allah, baƙi ko ruwan ƙasa, ba zafi ba ƙaiƙayi. A hankali sai ya faɗaɗa, gefensa ya zama ba daidai ba, launinsa ya rarrabu, daga baya ya tsage ya riƙa tsattsafar da jini. Manomi zai ce ƙaya ce ta soke shi a gona. Wani ya ce faso ne ya ci ƙarfinsa. A je wurin wanzami a yanke, a ɗaure da garin magani, ya dawo. A ce gyambo ne, a ce an taka sammu. Ana cikin haka sai kaluluwa ta fito a matsematsi, mai tauri, wadda ba ta sauka. To wannan alama ce ta cewa ciwon ya soma tafiya, kuma daga nan yana iya isa huhu ko hanta ko ƙashi ko ƙwaƙwalwa.

Kun san mawaƙin nan na Jamaika, Bob Marley. A 1977 aka ga baƙin tabo a ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafarsa, da farko aka ɗauka rauni ne na ƙwallo. Wannan ciwon ne ya yi ajalinsa a watan Mayu na 1981, yana da shekara 36. Yana da kuɗi, yana da suna, amma a zamaninsa babu maganin da ke tare ciwon idan ya bazu.

Mu Musulmi sau biyar muke wanke ƙafa a rana. Don Allah a riƙa juya tafin ana kallo. Iyaye mata kuma, kafin a ƙunsa lalle a duba tafin ƙafa da farce da kyau, domin lalle yana rufe tabo. Duk baƙin tabon da yake sabo, ko yake girma, ko ya fashe ya ƙi warkewa, a kai shi asibiti a yanki ɗan kaɗan a auna. Idan aka same shi tun yana sama-sama, tiyata kawai takan wadatar.

Yanzu ga maganin. Allah Ya sanya wa jiki sojoji a cikin jini, su ne garkuwar jiki. Ku ɗauke su kamar 'yan sintirin gari: suna zagawa, duk baƙon da ba su yarda da shi ba su far masa. Amma don kada su riƙa dukan 'yan gari, akwai wata alama da ɗan gari ke nunawa su sauke sanda. Ciwon daji yana da wayo, sai ya koyi nuna wannan alama, 'yan sintiri su wuce shi su bar shi yana ɓarna. Aikin wannan magani shi ne ya toshe alamar, ta yadda 'yan sintiri ba za su ƙara sauke sanda ba. Sai su gane ɓarawo su kama shi. Amma ku lura da kyau, tunda an hana su sauke sanda, wani lokaci ɗan gari ma yakan sha duka: hanji, ko hanta, ko huhu, ko fata. Duk amfanin maganin da duk haɗarinsa daga nan suka fito.

Masana biyu ne suka buɗe wannan ƙofa, James Allison na Amurka da Tasuku Honjo na Japan, kuma a 2018 aka ba su kyautar Nobel a kan haka. Maganin farko, Yervoy, ya samu amincewa a Amurka a 2011, sai Keytruda da Opdivo suka biyo baya a 2014. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka irin wannan magani cikin jerin magungunan da ta ce wajibi ne ƙasashe su tanada domin melanoma da ya bazu.

Me ya canza? Kafin 2011, akasarin waɗanda ciwon ya bazu a jikinsu ba sa cika shekara guda. A wani babban gwaji da aka yi da marasa lafiya 945, aka bi su har shekara goma, aka fitar da sakamako a 2024, an samu 43 cikin ɗari na waɗanda aka haɗa wa Opdivo da Yervoy suna raye, da 37 cikin ɗari na waɗanda aka ba Opdivo kaɗai. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, wanda dattawanmu suka sani da yaƙi da kurkunu tare da Janar Yakubu Gowon, a watan Agusta na 2015 ya sanar da cewa melanoma ya kama hantarsa da ƙwaƙwalwarsa, yana da shekara 90. Aka yi masa tiyata, aka yi masa gashi, aka ba shi Keytruda. Kafin ƙarshen shekarar ya ce hoto bai ƙara nuna ciwon ba. Sai a Disamba ta 2024 ya rasu, yana da shekara 100.

Amma amana ce a kaina in faɗa muku ɗaya ɓangaren. Wancan lissafi yana nufin fiye da rabi ba su kai shekara goman ba. Kuma akasarin waɗanda aka yi gwajin da su Turawa ne masu irin ciwon da rana ke jawowa. Irin namu na tafin ƙafa bai cika jin maganin kamar nasu ba. Yana yi wa wasu aiki, aiki na ban mamaki ma, wasu kuma ba ya yi musu. Duk wanda ya ce muku tabbas ne, bai gaya muku gaskiya ba.

Ranar karɓar magani ba ta da wuya kamar yadda ake tsoro. Za a fara ɗibar jini a duba hanta da ƙoda da suga da sauransu. Likita ya yi tambayoyi. Idan komai daidai ne sai a ɗaura shi kamar ƙarin ruwa, Keytruda minti talatin ne, duk bayan mako uku ko mako shida, Opdivo kuma duk bayan mako biyu ko huɗu. Ana iya ci gaba har shekara biyu idan yana aiki kuma jiki ya ɗauka. Yawanci gashi ba ya zubewa, kuma ba a cika yin amai irin na sauran magungunan daji ba. Mutum zai sauko daga gado da ƙafarsa ya hau mota ya kamo hanyar Rogo. Wannan sauƙin ne yake yaudarar mutane su saki jiki.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan jinyar mai karɓar maganin zaburar da garkuwar jiki. Ga inda nake so ku ba ni kunnuwanku duka biyu.

Illolin wannan magani ba sa zuwa da wata baƙuwar kama. Da kamannin cututtukan da muka saba da su suke zuwa: gudawa, tari, zazzaɓi, shawara, kasala, ƙuraje. Mu kuwa kowanne daga cikinsu muna da abin da muke yi masa ba tare da mun tambayi kowa ba.

Mu ɗauki misali. Magidanci ne a Zoza, an yi masa ɗauri na uku, ya dawo gida da kwana goma. Bayan sallar isha'i cikinsa ya murɗa, ya zaga bayi. Kafin asuba ya je sau biyar. Uwargida ta ce, Malam, ko furar jiya ce? Ya ce ƙila. Da gari ya waye aka aiki yaro kemis, aka haɗo masa Flagyl da ƙwayar tsayar da gudawa. Ta ɗan lafa, kowa ya yi hamdala. Kwana biyu ta dawo da majina da jini, aka ce atini ne, aka jiƙa masa saiwa. Babban ɗansa da ke Kano ya bugo waya, ya ce, Baba ya jiki? Ya ce, da sauƙi alhamdulillahi, domin ba ya so ya tayar wa yaro da hankali, kuma gudawa ba abin da dattijo zai zauna yana ba ɗansa labari ba ne. A duk tsawon kwanakin nan, ba fura ba ce, ba atini ba ne. Garkuwar jikinsa ce take cin bangon hanjinsa. Ƙwayar tsayar da gudawar ta rufe alamar ne kawai, wutar tana ci a ciki. Irin wannan idan aka bar shi yana iya huda hanji. Da a daren farko aka kira likitansa, da abin da za a yi kaɗan ne: a auna bayan gida a tabbatar ba ƙwayar cuta ba ce, a dakatar da ɗauri na gaba, in ta kama a ba shi maganin da zai kwantar da garkuwar.

Babu wanda ya yi mugunta a gidan nan. Kowa abin da ya saba ya yi. Shi ya sa nake cewa, daga ranar da aka fara wannan magani, dokar gidan ta canza. Duk sabon abin da jiki ya nuna, likitan daji ne zai fara ji kafin mai kemis.

A kira likitan a ranar, ba gobe ba, idan bayan gida ya ƙaru kan yadda aka saba, musamman in ya kai ƙarin sau huɗu a yini, ko aka ga jini ko majina, ko ciki na ciwo mai tsanani. A ba mara lafiya ruwan gishiri da sukari yana sha kafin a samu likitan. Haka nan sabon tari ko haki, ko mutum ya ga daga ɗaki zuwa masallaci numfashinsa na sarƙewa. Huhu ne ke iya kumbura, kuma wannan ba ya jira. Idan ido ya yi rawaya, fitsari ya yi ja kamar shayi, kada a tsaya neman maganin shawara, hanta ce take kuka. Ciwon ƙirji, bugun zuciya ba daidai ba, raunin gaɓoɓi, fatar ido ta riƙa faɗowa, gani ya dushe, ko fata ta yi bororo har cikin baki, duk waɗannan na gaggawa ne, a nemi mota.

Akwai wasu illolin masu shigowa a ɓoye, kuma su ne aka fi kuskurewa. A wuya akwai wani ɗan ƙullutu mai daidaita kuzari da ɗumin jiki, shi ne wanda idan ya kumbura muke cewa maƙoƙo. Kusan mutum ɗaya cikin goma na masu karɓar maganin nasu yakan taɓu. Mutum ya riƙa jin sanyi ana zafi, jiki ya yi nauyi, barci ya yi yawa. Ko kuma akasin haka, zufa da rama da faɗuwar gaba. Gwajin jini ke ganowa, yawanci ƙwaya ɗaya kowace safiya ke gyarawa, sai dai sau da yawa shan ta na har abada ne. Akwai kuma wasu ƙullutai a ƙasan ƙwaƙwalwa da saman ƙoda. Idan su suka taɓu, sai ka ga matsananciyar kasala, ciwon kai da ba ya jin magani, jiri in an miƙe, amai, har suma. A garuruwanmu nan take za a ce taifot ne ko iska. A wasu 'yan kaɗan kuma ciwon suga ne ke faɗowa farat ɗaya: ƙishirwa ba ƙaƙƙautawa, fitsari ba iyaka. Shi ma asibiti a ranar.

Ba ina cewa mai karɓar maganin nan ba ya kamuwa da zazzaɓin cizon sauro ba. Yana kamuwa, musamman da damina. A je asibitin da ke kusa a yi gwaji, in shi ne a sha magani. Amma a gaya wa ma'aikacin lafiyar abin da ake karɓa, kuma a sanar da likitan daji. Sannan ku riƙe wannan: illar tana iya fitowa bayan watanni da daina maganin, har fiye da shekara. An gama ɗauri ba ya nufin an gama lura.

Abin da likitoci ke kwantar da garkuwar da shi idan ta wuce gona da iri shi ne magungunan da ake kira sitiroyid, irin su firedinisolon. Idan aka rubuta, a sha yadda aka ce, kuma ba a yanke shi rana ɗaya don an ji sauƙi. A hankali ake rage shi, cikin makonni, bisa tsarin likita. Wanda kuma aka ce masa ƙullutan saman ƙodarsa sun daina aiki, ƙwayarsa ba ta fashi ko na kwana ɗaya, ko a tafiya ko a biki. Sai dai ga wani tarko. Dangin sitiroyid ɗin nan ne ake sayarwa barkatai a kasuwa, deksa da ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha ka fashe, kuma ana cusa shi a cikin haɗe-haɗen maganin ciwon jiki. Mai jinya ta ga miji ya rame, tausayi ya kama ta, ta sayo masa don ya yi kumari. Hajiya, kin kashe wutar da aka sayi itacenta da kuɗin gona. Wannan ƙwaya kwantar da garkuwar jiki take yi, alhali ana biyan miliyoyi don a tashe ta. Haka su ma magungunan kashe ƙwayoyin cuta, irin kafso ɗin da muke sha kamar gyaɗa: bincike ya nuna shan su ba dalili, musamman dab da fara wannan magani, yana tafiya da raguwar amfaninsa. In likita ya ga akwai buƙata zai rubuta, a sha. In ba haka ba a bar su.

Maganin gargajiya fa? Na san da wuya a yi jinya a gidan Bahaushe ba a kawo jiƙe-jiƙe ba, kuma masu kawowa ƙauna ce ta sa su. Matsalar ita ce hanta. Idan gwaji ya nuna ta taɓu, likita ba zai iya bambance ko maganinsa ne ko saiwar ce ba, sai ya dakatar da ɗauri, wataƙila a banza. Addu'a da tofi da sadaka ba su da karo da kowane magani, a yawaita su. Amma abin da zai shiga ciki, a nuna wa likita tukuna, kuma kada a ji kunyar faɗa masa abin da aka riga aka sha. Tun kafin a fara ma, a gaya masa in akwai ciwon hanta, ko an taɓa yin tarin fuka, ko ana shan maganin ƙanjamau, ko akwai wani tsohon ciwon gaɓoɓi ko na hanji.

Ga 'yan'uwana masu kemis da ma'aikatan ƙananan asibitocinmu na karkara, ku ne ake fara zuwa wurinku. Tambaya ɗaya za ta iya ceton rai: Baba, akwai wani magani da ake ɗaura maka a babban asibiti? In ya ce e, na daji, to a tsaya, a kira lambar likitansa.

Sauran abubuwan yau da kullum ba su da tsanani haka. Kasala ita ce ta fi yawa. A yi aikin da za a iya da sanyin safiya, a huta da rana, a ɗan taka da yamma, domin kwanciya wuni guda ƙara ta take yi. Ƙaiƙayi da bushewar fata, musamman da hunturu, a riƙa shafa man kaɗanya ko basilin, a guji sabulu mai kaifi da man bilicin. Wasu za su ga fararen tabo sun fito musu a fuska ko hannu. Ba kuturta ba ce, ba a ɗauka, kada a ware musu kwano. A masu melanoma ma likitoci sun lura sau da yawa irin wannan tabo yana tafiya da cewa maganin na kama aiki. Abinci kuwa babu wani na musamman da za a sayo daga birni. Wake, zogale, rama, kuka, kuɓewa, tuwon dawa da na gero, ganyaye da 'ya'yan itatuwa, abin da muke da shi ne, kuma akwai binciken da ya nuna masu cin abinci mai harza irin wannan sun fi cin moriyar maganin. Sai dai ranar da ake gudawa a sassauta su. Ruwan sha ya zama mai tsabta. Batun azumi a tambayi likita kafin watan ya kama, addini kuma ya yi wa mara lafiya rangwame. Mace mai karɓar maganin ba a so ta ɗauki ciki ko ta shayar, har sai bayan wata huɗu zuwa biyar da ɗauri na ƙarshe; wannan magana ce da za a yi da maigida a zaune a gaban likita.

Akwai wani nauyi da ba ya fitowa a gwajin jini. Duk bayan kamar wata uku ake ɗaukar hoto a ga ko ciwon ya ja baya, kuma kwanakin jiran sakamakon nan suna hana barci. Wani lokaci hoton farko kan nuna kamar ƙullutun ya ƙaru, likita ya ce a sake dubawa nan gaba kaɗan, domin a wasu 'yan tsiraru taruwar sojojin jiki ce ke kumbura wurin. Mara lafiya yana da haƙƙin ya ji tsoro, kuma faɗin tsoron ba rashin tawakkali ba ne. Ku bar shi ya yi magana. Kada kuma a ɓoye masa sunan ciwonsa kamar yadda muka saba, a riƙa ƙus-ƙus a zaure shi yana ɗaki. Wanda bai san abin da ake ɗaura masa ba, ta yaya zai san gudawarsa ba irin ta kowa ba ce? 'Yan dubiya kuma, Allah Ya ba ku lada, amma a taƙaita zama, a bar ba da labarin wane da irin wannan ciwo ya kashe, mai mura kuma ya yi gaisuwarsa daga waje. Ita ma mai jinyar mutum ce. A karɓe ta ko na yini ɗaya a mako ta runtsa.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi ci mini rai. Wannan magani ya fi ƙarfin kusan kowane gida a ƙasar Rogo da Ƙaraye. Asusun tallafa wa masu ciwon daji da gwamnatin tarayya ta kafa da sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza ya fara, mai baƙin tabo a ƙafa ba ya cikin lissafin farko. A ganina wannan giɓi ne da ya kamata wakilanmu a Kano da Abuja su tsaya a kansa, domin maganin da aka ce wajibi ne amma talaka ba ya iya ko taɓa kwalbarsa, sunansa kawai muke da shi. Kafin a sayar da gona ko shanun huɗa, a zauna da likita a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a yi masa tambayoyi ƙeƙe-da-ƙeƙe. Ɗauri nawa ake sa ran yi? Nawa ne jimilla, har da gwaje-gwaje da hoto da kuɗin mota? A irin ciwona, mene ne fatan da ake da shi? Magani ɗaya za a ba ni ko biyu? Wannan ta ƙarshe tana da muhimmanci, domin a wancan gwaji na marasa lafiya 945 fiye da rabin waɗanda aka haɗa wa biyu sun gamu da illa mai tsanani, a masu ɗaya kuwa kamar mutum ɗaya cikin biyar. Ga wanda gidansa ke da nisa da babban asibiti, wannan abin aunawa ne. Kuma a sayi maganin ta hannun asibiti. A cikin sanyi ake ajiye shi, zafi na lalata shi, hukumar NAFDAC kuma ta sha yin gargaɗi a kan jabun magungunan daji. Duk wanda ya zo muku da shi a jaka da araha, ku guje shi.

Wanda bai samu hali ba, kada ya ce shi ke nan ya koma ɗaki. Akwai tiyatar rage gyambo, akwai gashi, akwai wankin ciwo da ke kashe wari, akwai magungunan kashe raɗaɗi masu ƙarfi da asibiti ke bayarwa. Haƙƙinsa ne a nema masa, kuma iyalansa ba su gaza ba.

Lokaci ya yi mana halinsa. Duk gidan da ke da mai karɓar wannan magani, ina roƙonku kafin ku kwanta yau ku samu takarda ku rubuta sunan maganin, da ranar ɗauri na ƙarshe, da sunan asibitin, da lambar wayar likita ko nas da za a kira ko da dare ne, da boko da ajami in da hali. Ɗaya a aljihun mara lafiya, ɗaya a hannun mai jinya. A ajiye kati a waya, a ware kuɗin mota da ba za a taɓa ba, a kuma yi magana da mai motar da zai amsa kira ƙarfe biyun dare. In ba a ba ku lambar da za ku kira ba, ku tambaya a zuwa na gaba, kada ku baro asibitin sai da ita.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.

(Taken rufe shiri)